Sahun Tsakiya da Sahun Gaba a Filin Tamaula

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo ya san cewa, kafin alƙali ya busa usur, akan nuna hoton fili a talabijin, a jera sunayen 'yan wasa a kansa, sa'an nan a rubuta wasu alƙaluma a gefe, kamar 4-4-2 ko 4-3-3, waɗanda galibin jama'a kan duba da wutsiyar ido domin hankalinsu yana wajen neman sunan gwaninsu. Ma'anar alƙaluman ba ta da wuya: ana farawa daga baya a ƙidaya masu tsaro, sa'an nan 'yan tsakiya, sa'an nan 'yan gaba, kuma ba a sa mai tsaron gida cikin lissafi, da yake matsayinsa ba abin da ake ijtihadi a kai ba ne. Amma hikimar da ke sa mai horarwa ya fifita wannan jeri a kan wancan, ita ce ke bukatar sharhi, kuma ba a gane ta sosai sai an waiwayi tarihi.

A shekarar 1872, lokacin da Ingila da Sikotlan suka yi karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa a birnin Glasgow, Ingila ta jibge kusan dukan mutanenta a gaba, Sikotlan ta sa shida, amma abin al'ajabi, duk da wannan taro na mahara, an tashi babu wanda ya ci. Daga nan masu hankali suka fara lura da cewa yawan 'yan gaba ba ya haifar da ƙwallo matuƙar babu mai kai musu ita. Sannu a hankali aka daidaita a kan 2-3-5, wato biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba, kuma a kan wannan jeri ne aka raba lambobin riga da muka gada: 2 da 3 na baya, 4 da 5 da 6 na tsakiya, 7 zuwa 11 na gaba, inda 7 ke gefen dama, 11 ke gefen hagu, 9 kuma ke tsakiyar mahara. Shi ya sa har gobe, idan yara suna rabon matsayi a filin unguwa, za ka ji wani ya ce shi lamba tara yake bugawa, ko da babu riga a jikinsa.

Sauyi mafi girma ya zo ne ta hanyar gyaran doka. A 1925 aka sassauta hukuncin satar gida, aka mayar da adadin abokan hamayyar da dole su kasance tsakanin mahari da layin raga daga uku zuwa biyu, sai ƙwallaye suka yi ambaliya, har waɗanda aka ci a babban rukunin Ingila suka tashi daga 1,192 zuwa 1,703 cikin kaka guda. Herbert Chapman na Arsenal, bayan ƙungiyarsa ta sha kashi 7 da nema a hannun Newcastle, ya ja mai lamba 5 daga tsakiya ya mayar da shi baya, ya kuma janyo biyu daga cikin mahara biyar, wato 8 da 10, su cike gurbin da ya bari. Tun daga ranar, tarihin jerin 'yan wasa ya zama tarihin ƙaura daga gaba zuwa tsakiya.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi a wannan babi ta bayyana a filin Wembley ran 25 ga Nuwamba 1953, sa'ad da Hangare ta lallasa Ingila da ci 6 da 3. A al'adar Ingilishi ta lokacin, mai lamba 5 shi ke riƙe mai lamba 9, ba ya rabuwa da shi. To, Nándor Hidegkuti ya sa riga mai lamba 9, amma ya ƙi tsayawa inda ake tsammaninsa, ya riƙa komawa tsakiyar fili yana karɓar ƙwallo, ya bar Harry Johnston, wanda aka ɗora wa tsaronsa, cikin ruɗani: in ya bi shi, ya bar ƙofa a buɗe ga Puskás da Kocsis, in ya tsaya, ya bar mutum yana juya wasa yadda ya ga dama. Hidegkuti ya ci uku a ranar. Birazil ta ɗauki kofin duniya a 1958 da 4-2-4, amma Zagallo na gefen hagu ya riƙa dawowa yana taya Didi da Zito, har zuwa 1962 jerin ya koma 4-3-3 a fili ƙarara.

Lissafin da ke ƙarƙashin wannan duka mai sauƙi ne, ko da yake aiwatar da shi yana da wuya. Idan ƙungiya mai mutum biyu a cibiyar fili ta gamu da mai uku, to kullum akwai mutum ɗaya da babu mai riƙe shi, kuma ƙwallo tana neman wannan mutum kamar yadda ruwan damina ke neman kwari. Don haka ne masu horarwa suka yarda su rage mahari ɗaya domin su sami rinjaye a tsakiya.

Su kuwa 'yan tsakiyar, ayyukansu sun kasu. Akwai mai lamba 6, wanda ke zaune gaban masu tsaro, aikinsa ya tare hanya, ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa ta ga na kusa ba tare da neman suna ba. Kuma a ganina babu wanda 'yan kallo suka fi zalunta irinsa, domin idan ya kyautata aikinsa ba a ganin kome, sai ranar da ba ya nan ake sanin darajarsa. Real Madrid ta sayar da Claude Makélélé ga Chelsea a 2003 tana ganin ba shi da ado, sai ga Chelsea, da shi a gaban masu tsaronta, ta ɗauki gasar Ingila a 2005 ƙwallo 15 kacal aka zura mata a wasa 38. Akwai mai lamba 8, ma'abucin huhu, wanda ke safa da marwa tsakanin raga da raga, ya taya tsaro, ya kuma iso bakin gidan abokan hamayya a makare, lokacin da masu tsaro suka shagala da wasu. Sa'an nan akwai mai lamba 10, wanda Allah ya hore wa basirar ganin ƙofa tun ba ta buɗe ba, kuma saboda wannan baiwa akan yi masa rangwamen wahalar tsaro, ko da yake zamanin nan ya rage wannan alfarma ƙwarai. Wanda ya ga Najeriya a shekarun 1990 ya ga rabon aikin a zahiri: Sunday Oliseh yana riƙe da gida yana watsa dogayen ƙwallaye, Jay-Jay Okocha yana yanka yana nishaɗantar da jama'a. John Mikel Obi kuwa ya ɗanɗana matsayin biyu, domin a gasar matasa ta duniya ta 2005 mai tsara hari ne, har aka ba shi lambar yabo ta biyu bayan Messi, amma Chelsea ta mayar da shi lamba 6, kuma har yau ana muhawara a majalisu kan ko an gina shi ne ko an tauye shi.

A sahun gaba ma an sami sauyi. Lamba tara na asali, irin marigayi Rashidi Yekini, ƙaƙƙarfa ne mai juya wa mai tsaro baya, ya riƙe ƙwallo, ya sheƙa a guje, ya yi harbi ba shawara. 'Yan gefe kuma, irin Finidi George a dama, aikinsu su bi layi su kwaso ƙwallo su jefo masa. Yanzu an juya lamarin, ana sa bahago a dama, kamar Arjen Robben ko Mohamed Salah, domin ya kutso ciki ya harba da ƙafarsa mai ƙarfi, ya bar layin ga mai tsaron gefe da ke tahowa daga baya. Dabarar Hidegkuti ma ta dawo: a Mayun 2009 Guardiola, mai horar da Barcelona a lokacin, ya sa Messi a tsakiyar gaba amma ya umarce shi ya riƙa janyewa, Barcelona ta bi Real Madrid har gida ta ci ta 6 da 2. Kuma an ɗora wa ɗan gaba wani farali da magabatansa ba su sani ba, wato ya zama farkon mai tsaro, ya matsa wa 'yan baya lamba da zarar ƙwallo ta kuɓuce.

Sai dai ya kamata mai karatu ya sani cewa alƙaluman talabijin suna nuna inda mutane ke tsayawa ne galibi idan ƙwallo ba ta hannunsu. Da zarar sun karɓe ta, sahu ya warwatse, har ƙungiyar da aka rubuta wa 4-3-3 takan kai hari da mutum biyar a gaba, tamkar an koma zamanin 2-3-5.

Ga misalin tasirin sauya jeri: a gasar duniya ta 2018 a Rasha, Najeriya ta fara da 4-2-3-1, Mikel yana lamba 10, Kuroshiya ta ci ta 2 da nema. Da aka zo wasa da Aisilan a Volgograd, mai horarwa Gernot Rohr ya koma 3-5-2: ya ja Mikel baya kusa da Ndidi da Etebo, ya ba Victor Moses dukan layin dama, ya sa Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, a gaba tare da Iheanacho. Duk da haka, har aka tafi hutun rabin lokaci Najeriya ba ta kai harbi ko ɗaya ba, abin da ke nuna cewa jeri shi kaɗai ba ya cin wasa. Bayan an dawo ne aka fara sakin ƙwallo da wuri zuwa sararin da ke bayan masu tsaron Aisilan, inda gudun Musa zai yi amfani. Minti 4 da dawowa Moses ya kwaso ta dama ya jefo, Musa ya sauke ta da ƙafar dama ya ɗirka ta raga. A minti na 75 kuma Omeruo ya cillo doguwa ta hagu, Musa ya tsere wa mai tsaro, ya kewaye mai tsaron gida, ya ci ta biyu.