Cinikin Maganin Tari Da Asma A Maje: Sanin Sinadari Ya Fi Sanin Sunan Kamfani

SULEJA: Garin Maje, da ke gefen Suleja, ya yi suna ne saboda ma'ajiyar man fetur ta kamfanin NNPC da tankokin da ke jerin gwano a bakinta. Hayaƙin manyan motoci ba ya yankewa a wurin, idan kuma hunturu ya kama daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu sai ƙura da hazo su ƙaru a kai. A wannan lokaci ne masu kantunan magani suka fi samun masu neman maganin tari da na asma, wadda wasu ke kira fuka.

Abubuwa biyu sun sauya wannan ciniki cikin 'yan shekarun nan, kuma dukansu sun nuna cewa ɗan kasuwar da ya haddace sunan da ke jikin kwali kawai, bai san abin da ke ciki ba, yana kasadar jarinsa da kuma ran mai saye.

Na farko shi ne batun kodin. A ranar 1 ga Mayu, 2018, kwana ɗaya bayan da BBC ta nuna wani binciken ƙwaƙwaf a kan yadda matasa ke shan maganin tari don maye, ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya hana shigo da kodin da kuma sarrafa maganin tari da shi. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanoni uku a Legas da Ilorin, daga baya aka sake buɗe su. Binciken da gwamnati ta fitar a 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.4 ne ke shan maganin tari ba don ciwo ba.

Dalilin haɗarin yana cikin yadda maganin ke aiki. Kodin dangin ofiyom ne, kuma hanta kan juya wani ɓangarensa ya zama mofin. Ba ya taɓa huhu ko majina. Abin da yake yi shi ne danne wurin da ke sarrafa tari a cikin ƙwaƙwalwa, idan kuma aka wuce ƙima sai ya danne numfashin ma. Gwamnati ta ba da umarnin a maye gurbinsa da sinadarin dextromethorphan, wanda shi ma a ƙwaƙwalwa yake aiki amma haɗarinsa bai kai na kodin ba. Duk da haka babu ɗayansu da ke buɗe hanyar iska. Mai asma da aka sayar wa maganin tari a lokacin da numfashinsa ya sarƙe, an karɓi kuɗinsa ne ba a ba shi abin da yake bukata ba.

Abu na biyu shi ne ficewar kamfanin GlaxoSmithKline. A watan Agustan 2023 kamfanin ya ba da sanarwar rufe reshensa na Nijeriya bayan shekara 51, ya koma sayar da kayansa ta hannun dillalai. Wannan ya zo ne watanni biyu bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira, inda dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 a farkon 2024. Da yake kimanin kashi 70 cikin 100 na magungunan ƙasar nan daga waje ake kawo su, maganin shaƙa na Ventolin da Seretide sun yi ƙaranci, farashinsu kuma ya ninka.

To sai dai Ventolin suna ne na kasuwa. Sinadarin da ke ciki salbutamol ne, wanda aka fara sayarwa a Ingila a 1969, kuma tuni kamfanoni da dama, musamman na Indiya, suke yin sa da wasu sunaye. Idan aka shaƙe shi yakan sassauta tsokar da ta kewaye hanyoyin iska, numfashi ya buɗe cikin 'yan mintoci, aikinsa kuma ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Gwangwani ɗaya yakan ɗauki fesawa 200, kowace tana da maikrogiram 100. Mai sarin da ya san haka zai iya kawo wani samfuri mai lambar rajistar NAFDAC a farashi mai sauƙi, maimakon ya ce wa mai saye babu.

Abin da ya fi damun masana shi ne inda tsada ke tura marasa ƙarfi. Da yawa kan koma wa ƙwayar salbutamol ta haɗiya saboda araha, alhali tana jinkirin aiki, kuma da yake tana zaga jiki duka ta fi sa rawar hannu da bugun zuciya. Wasu kan dimanci prednisolone ko dexamethasone ba da iznin likita ba, waɗanda shan su na dogon lokaci kan jawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi.

Har ila yau, salbutamol kansa agajin gaggawa ne kawai. Tushen asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska, kuma magungunan shaƙa irin su beclometasone da budesonide ne ke kwantar da shi a hankali, idan ana amfani da su yadda likita ya tsara, tare da kuskure baki bayan kowace shaƙa. Tun daga 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar dogaro da salbutamol shi kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da cutar, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Saboda haka wanda ke dawowa kanti kowane wata don sayen sabon gwangwani, ciwonsa ne bai kwanta ba, kuma asibiti ya kamata a tura shi.

A nan ne doka ta shata iyaka. Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfi, ita ke ba ƙananan kemis lasisi, kuma ta taƙaita su ga magungunan da ba sa bukatar takardar likita. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa gwajin tarin fuka yake bukata, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Bugu da ƙari, gwangwanin shaƙa ba ya son rana ko zafin da ya haura digiri 30, abin da mai kanti mai rufin kwano a Maje zai lura da shi a watan Maris da Afrilu.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin cire harajin kwastan da na VAT a kan injuna da sinadaran haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, don ƙarfafa masana'antun cikin gida. Ga masu zuba jari, yin maganin shaƙa a cikin ƙasa shi ne giɓin da ficewar GlaxoSmithKline ta fito da shi fili. Ga mai kanti a Maje kuwa, aikin da ke gabansa kafin hunturu mai zuwa shi ne ya duba sunan sinadari da lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin duk kwalin da zai sara.