Lasisi na bango, sakamakon jinya na ina? Batun auna asibitocin kuɗi a Tamale

Idan zazzaɓi ya kayar da yaro cikin dare a Kasalgu, can gefen Tamale a arewacin Ghana, uban yana da hanya biyu. Ko ya tari keke mai ƙafa uku, yalo-yalo, ya nufi ɗaya daga asibitocin gwamnati na cikin gari ya bi layi, ko ya tsaya a asibitin kuɗi mafi kusa, inda za a buɗe masa kati nan take. Mutane da yawa na biyun suke ɗauka, kuma ba su yi laifi ba. In ka tambaye su dalili, amsar ba ta wuce cewa wurin da tsabta, nas ɗin da fara'a, ba a ɓata lokaci, likitan kuma "yana da hannu". Duk waɗannan abin so ne. Sai dai babu ko ɗaya daga ciki da ke nuna ko maganin da aka ba yaron shi ne ya dace da ciwonsa, ko an tafasa kayan aikin da aka taɓa shi da su.

Cutuwa a hannun masu magani babbar matsala ce a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ana samun kurakuran jinya kimanin miliyan 134 a shekara, waɗanda ke da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet Global Health ya ƙara da wani lissafi a 2018: a irin waɗannan ƙasashe, mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara saboda jinya marar inganci, alhali waɗanda rashin zuwa asibiti ke kashewa miliyan 3.6 ne. Wato cikin mamatan, waɗanda suka isa asibiti aka kasa yi musu abin da ya kamata sun fi waɗanda ba su je ba yawa.

Ghana ba ta rasa dokoki ba. Doka mai lamba 829 ta 2011 ce ta kafa HeFRA, hukumar da ke duba asibitoci, na gwamnati da na kuɗi, ta ba su lasisi. Hukumar inshorar lafiya, NHIA, ita ma sai ta tantance asibiti kafin ta yarda ya karɓi masu katin NHIS. Likitoci da nas-nas da ungozomomi da masu harhaɗa magani kowane rukuni da majalisar da ke yi masa rajista. Shi ya sa za ka ga takardu jere cikin firam a bangon ɗakin jira. Abin tambaya shi ne me takardun suka auna.

Tun 1966 wani malamin Jami'ar Michigan a Amurka, Avedis Donabedian, ya kasa ingancin jinya kashi uku: abin da asibiti ya mallaka, abin da ma'aikatansa ke aikatawa, da abin da ya sami majinyaci daga ƙarshe. Lasisi ya fi ƙarfi a kashin farko. Mai duba asibiti zai ƙirga gadaje, ya ga tukunyar tafasa kayan tiyata, ya duba takardun ma'aikata, ya leƙa bayan gida. Wannan dole ne, amma hoton yini ɗaya ne, kuma galibi an san da zuwan baƙon.

Kashi na biyu ya fi wuyar gani, ya kuma fi faɗin gaskiya. Ɗauki wanke hannu. A ƙofar kusan kowane asibiti akwai bokitin nan mai famfo da ake kira bokitin Veronica, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro. Kasancewarsa a ƙofa kashin farko ne. Ko akwai ruwa a cikinsa a watan Maris, lokacin da ruwan famfon da ake turowa daga Dalun ya yi ƙaranci, ko akwai sabulu a gefensa, ko nas ta wanke hannu tsakanin gado na uku da na huɗu, wannan ne kashi na biyu, kuma sai mutum ya zauna ya ƙirga. Haka zazzaɓi: cikin yara ɗari da aka ba maganin cizon sauro, nawa aka fara gwada jininsu? Cikin waɗanda gwajin ya nuna babu, nawa aka ba maganin duk da haka, aka haɗa musu da na taifot? Amsar tana kwance a littafin rajistar asibitin, ba ta bukatar kwamfuta. A ɗakin tiyata kuwa akwai takardar bin ƙa'ida ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2008, wadda ke sa ma'aikata su tsaya su tabbatar da sunan majinyaci da gurbin da za a yanka, su ƙirga auduga kafin ɗinki. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mutuwa bayan tiyata ta sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da asibitin kuɗi, wanda ba a son faɗa: kowace ledar ƙarin ruwa da kowace allura kuɗi ce ta shigo. Mu ma muna da namu laifin, domin wanda aka sallama da ƙwayoyi kaɗai yakan fita yana gunaguni cewa ba a duba shi ba. Jinkirin da inshora kan yi wajen biyan asibitoci haƙƙinsu yana ƙara tura su neman abin da za a biya hannu da hannu. Don haka a nan sai an auna abin da aka yi fiye da kima, kamar yadda ake auna abin da aka gaza yi. Tiyatar haihuwa misali ce. Yawanta kaɗai ba hujja ba ne, sai an kasa matan rukuni-rukuni bisa tsarin Robson, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2015, a ga ko masu lafiyayyen ciki ne ake yankawa.

Kashi na uku ne ke da tarko, kuma a Tamale tarkon a fili yake. Mai ƙaramin asibiti zai iya bugun ƙirji ya ce shekara guda ba a mutu a gadonsa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Dalili shi ne da zarar jiki ya rikice, sai a rubuta takarda a ce a wuce Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda ke karɓar masu tsananin ciwo daga duk arewacin ƙasar. Matar da ta kwana tana naƙuda a wani wuri, aka kawo ta da asuba jini ya kusa ƙarewa, in ta cika, a littafin Asibitin Koyarwa za a rubuta ta. Wanda ya riƙe ta awa goma littafinsa fes. Duk wanda ya jera alƙaluman mace-mace na asibitocin biyu ya ce zai gane gwani, zai yaba wa mai laifi ne ya zargi wanda aka jibga wa kaya.

A ganina, ma'aunin da ya fi dacewa da ƙaramin asibiti a wuri kamar Kasalgu shi ne yadda yake tura majinyaci gaba. Awa nawa tsakanin isowarsa da yanke shawarar tura shi? An buga waya an tabbatar akwai gado, ko an dai ce wa dangi su gwada sa'arsu? Takardar ta faɗi awon jininsa da magungunan da aka riga aka ba shi, ko layi biyu ne da sa hannu? Nas ta raka shi, ko an ɗora shi a bayan babur? Ghana ta san farashin wannan giɓi. A watan Yunin 2018 wani dattijo mai shekara 70 ya rasu cikin mota a Accra bayan asibitoci bakwai sun ce ba gado, abin da ya tayar da ƙura har majalisar dokoki.

Kayan aikin awo suna nan. Akwai rumbun alƙaluman lafiya na DHIMS2 da ake sa ran kowane asibiti ya riƙa tura rahotonsa duk wata, akwai binciken da ake yi kan kowace mutuwar mai haihuwa, akwai tsarin SafeCare da ke ba asibiti daraja daga mataki na 1 zuwa na 5, wanda asibitocin mishan na ƙungiyar CHAG suka runguma. Shirin Project Fives Alive!, da ya fara a arewacin Ghana a 2008 don rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya nuna ma'aikatan ƙaramin asibiti na iya bin alƙalumansu da kansu su gyara aiki. Abin da ke kawo cikas shi ne tsoro. Nas ɗin da ta ba da allurar da ba ita ba ta san in ta faɗa aikinta ne a bakinsa, don haka sai ta yi gum. Dangi kuma sukan ce kwana ya ƙare, su ɗauki gawa. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa hana tambayar yadda abu ya faru ba, kuma kundin haƙƙin majinyaci na Hukumar Lafiya ta Ghana ya ba mutum damar neman cikakken bayani kan ciwonsa da maganin da ake yi masa.

Ɗaya daga waɗanda suka fara nuna ana iyawa ma mai asibitin kuɗi ne. Ernest Codman, likitan tiyata a Boston, ya buɗe ƙaramin asibitinsa a 1911, ya ware wa kowane majinyaci kati, yana bin labarinsa har shekara guda bayan sallama. Daga cikin mutum 337 da ya sallama zuwa 1916, ya rubuta kurakurai 123, ya buga su kowa ya karanta. Abokan aikinsa ba su gode masa ba. Shi da wasiƙa yake bin majinyatansa. Yau kusan kowane kati a Tamale akwai lambar waya a kansa, kuma kira ɗaya bayan kwana talatin ya isa a san ko ɗinki ya yi ruwa, ko jariri na raye, ko an sake kwantar da mutum a wani wuri. Mai asibiti ba zai fara wannan don ra'ayin kansa ba muddin maƙwabcinsa bai yi ba. NHIA ce ke riƙe da kuɗin da yawancinsu ke jira, ita ce kuma ke sabunta tantancewarsu, don haka ita ke da ikon sa rahoton tura majinyata da na kiran bayan sallama cikin sharuɗɗan sabuntawar.