Hutu ma jari ne: yadda aiki ba tsayawa ke taɓa lafiyar ƙwaƙwalwar 'yan ci-rani

Daga Borokiri da ke bakin ruwa a kudancin Fatakwal, zuwa kasuwannin gindin gadar Neja a Anacha da unguwannin Hausawa na Inugu, 'yan Arewa sun yi suna wajen juriyar aiki. Mai shayi kan hura wuta tun kafin asuba, mai tsire ba ya tashi sai dare ya raba, mai gadi kuwa yakan kwana ido biyu, gari na wayewa ya kama tura baro.

A da, ci-rani yana da lokacinsa. Mutum ya fita bayan girbi, damina na faɗuwa ya koma gona cikin iyalinsa. Yau da yawa kan shekara ba su leƙa gida ba, saboda tsadar mota da kuɗin haya da buƙatun waɗanda ke jiran aike. Hutun da al'ada ta tanada ya gushe, ba a kuma maye gurbinsa da komai ba.

Likitoci sun bayyana cewa idan mutum ya shiga matsi, jiki kan saki wasu sinadarai da ke ƙara bugun zuciya da hawan jini domin ya tunkari abin da ke gabansa. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci. Amma idan matsin ya ɗore wata da watanni babu sassauci, barci kan lalace, mantuwa da saurin fushi su shigo, daga nan ƙofar fargaba da ciwon damuwa ta buɗe.

A shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa yin aiki sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu aikin sa'o'i 35 zuwa 40. Wanda ke buɗe shago ƙarfe 7 na safe ya rufe 9 na dare, kwana bakwai a mako, sa'o'i 98 yake yi.

Babban abin tsoro shi ne yadda wasu ke danne gajiya da ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 4.6 sun sha magunguna irin su tramadol da kodin ba bisa umarnin likita ba. Ƙwaya ba ta cire gajiya. Ɓoye ta take yi, har ranar da jiki zai biya bashin gaba ɗaya.

Rage gudu ba yana nufin rufe shago a zauna ba, domin mai cin abinci daga cinikin yini ba shi da wannan zaɓi. Abin da ake nufi shi ne a yanka wa hutu rabonsa kamar yadda ake ware kuɗin adashi. Masana na ba babban mutum shawarar barcin aƙalla sa'o'i 7. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar tana wartsake ƙwaƙwalwa. Goro da shayi da kofi suna ɗauke da sinadarin da ke daɗewa a jiki, don haka rage su da yamma na gyara barci, haka ma ajiye waya kafin kwanciya. Maƙwabta a kasuwa na iya yin karɓa-karɓa wajen tsare wa juna kaya, kowa ya samu rabin yini a mako. Hira da 'yan uwa a majalisa da kiran iyali a gida su ma suna rage kaɗaicin zaman baƙunta.

Akwai kuma inda hutu kaɗai ba ya wadatarwa. Idan baƙin ciki, ko rashin sha'awar komai, ko rashin barci ya kai mako biyu, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, to a garzaya asibiti. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Inugu, akwai kuma na Rumuigbo a Fatakwal. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa masu irin wannan lalura wariya.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da limamai na da rawar takawa a nan, domin su ne ake jin maganarsu. Idan suka daina kallon mai neman hutu a matsayin rago, matasa za su daina jin kunyar cewa sun gaji. Iyalin da ke jiran aike a Kano ko Sakkwato sun fi buƙatar mai aiken ya dawo musu da lafiyarsa, kuma Bahaushe ya ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.