Harsashi da Barewa: Abubuwa 14 Masu Ban Mamaki daga Dajin Chadi zuwa Amurka

Mazaunin unguwar Goudji a Njamena yana iya shekara bai ga barewa mai rai ba, alhali ƙasarsa na cikin 'yan ƙasashen da suka rage wa namun dajin Sahel mafaka. Birnin yana da ƙungiyar ƙwallo mai suna Gazelle, amma barewar kanta sai an yi tafiya mai nisa. Tsakanin yawanta na da da ƙarancinta na yau akwai abu guda ƙarami, wato harsashi. Ga abubuwa goma sha huɗu game da shi da dabbobin da ake nufa da shi.

1. Da ƙaramar bindiga ma ana farauta
A jihohi da dama na Amurka doka ta yarda a harbi barewa da libarba, muddin harsashin ya kai ƙarfin da aka ƙayyade. Harsashin .357 Magnum ya fito a 1935, .44 Magnum kuma ya biyo bayansa da shekara ashirin. Na farko bai cika wuce mita 50 da ƙarfin kayar da barewa nan take ba, na biyu kan kai kusan mita 100 a hannun gwani. Wanda ya zaɓi gajeriyar bindiga ya ɗaukar wa kansa wahalar matsowa kusa.

2. Lambar da ke jikin kwanso ba ta faɗin komai
Kaurin harsashin .44 Magnum a zahiri 0.429 ne na inci, bai cika 0.44 ba. Harsashin .38 Special da .357 Magnum kaurinsu ɗaya, bambancin yana tsawon kwanso da ƙarfin albarushi. Shi kuwa .30-06 na doguwar bindiga, 06 ɗin shekarar 1906 ce, lokacin da sojan Amurka suka fara amfani da shi. Ƙarfinsa ya ninka na .44 Magnum fiye da sau biyu.

3. Harsashin da aka haramta a yaƙi shi ake nema a farauta
A ƙarshen ƙarni na 19 Turawan Ingila suka ƙera harsashi mai buɗewa cikin jiki a masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata. Taron Hague na 1899 ya hana harbin mutum da shi a fagen fama. Amma a wajen farauta ƙasashe da yawa shi suke wajabtawa, domin yana kashe dabba da sauri. Harsashin soja mai rufin ƙarfe yakan huda ya wuce, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahalce bayan kwanaki.

4. A daji, kuskure ya fi harbi a wutsiya
Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure, kuma a kasuwa da neman abinci maganar tana nan daram. Maharbi na ƙwarai dai ya san a daji ba haka take ba. Wanda ya kuskure ya yi asarar harsashi ɗaya. Wanda ya raunata dabba ta tsere ya yi asarar nama, ya kuma ɗauki alhaki. Shi ya sa ake auna bayan kafaɗa, inda zuciya da huhu suke, kuma in nisa ya yi yawa a sauke bindiga.

5. Daga kilo 3 zuwa kilo 1,000
Dangin gada da barewa da gwanki sun bambanta ƙwarai. Mafi ƙanƙanta, wata 'yar gada ta kurmin Gana da Saliyo, ba ta wuce kilo 3. Barewar Sahel tana tsakanin kilo 20 da 30, gwanki yana kusan 300, babban ilan na kudancin Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya kuwa yana iya kai 1,000. Babu harsashi ɗaya da ya dace da su duka. Dukkansu kuma ƙahonsu na dindindin ne, in ya karye ya karye. Barewar Turai mai ƙaho mai rassa ita ce ke zubar da nata kowace shekara ta fitar da sabo, kuma a duk Afirka irinta ɗaya ce tak ta asali, a dazukan Tunisiya da Aljeriya da Maroko.

6. Maharbin da ya zama tsuntsu
Tun kafin madubin hangen nesa, maharban Hausa sun warware matsalar nisa da burtu. Sukan sassaƙa kai da wuyan wannan tsuntsu, su ɗaura a goshi, su lulluɓe jiki da baƙin zane, su yi rarrafe suna kaɗa kai kamar mai kiwo. Barewa ta saba ganin burtu a kusa da ita, ba ta firgita. Irin waɗannan kawunan burtu suna ajiye yau a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

7. Dafin kibiya ya zama maganin zuciya
Kwankwani, tsiron da maharba ke dafa dafin kibiya da 'ya'yansa, yana tsayar da zuciyar dabba. Wajen 1860 John Kirk, likitan da ya raka Livingstone a kogin Zambezi, ya lura bugun zuciyarsa ya ragu bayan ya goge haƙora da buroshin da ya taɓa 'ya'yan wani ɗan'uwan wannan tsiro. Thomas Fraser na jami'ar Edinbara ya bi diddigi, kuma a 1885 ya gabatar da sinadarin a matsayin maganin ciwon zuciya.

8. Bindigar toka, harbi ɗaya
Bindigar toka ta baki ake ɗura ta: albarushi, sannan ƙarafa, a danna da sanda. Asalinta irin bindigogin da fataken Turai, har da na Danmak masu ganuwa a Ankara ta Gana, suka riƙa sayarwa a gaɓar teku, daga baya maƙeranmu suka ƙware wajen ƙera ta. Kafin a sake ɗuri garke ya yi nisa. Wannan jinkiri ya taimaka wajen barin daji da namansa shekaru aru-aru.

9. Malaman Fas sun yi fatawa kan dalma
Hadisin Adiyyu bin Hatim ya bambanta tsakanin makamin da ya huda dabba, wanda namansa halal ne, da wanda ya buge ta da faɗinsa ta mutu, wanda ba a ci. Da bindiga ta bayyana sai tambaya ta taso: harsashin dalma hudawa yake ko duka? Malaman Malikiyya na Fas a Maroko, cikinsu har da Abdulƙadir Alfasi na ƙarni na 17, suka tafi a kan halaccin ci, domin yana hudawa ya zubar da jini. Sharaɗi shi ne a ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kuma an tarar da dabbar da rai a yanka ta. Shari'a ta kuma hana mai da abu mai rai wurin gwajin saiti.

10. Mariri ya ƙare, ya kuma dawo ta jirgin sama
Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu wadda da fatarta ake yin garkuwar mayaƙa, tana iya watanni ba ta sha ruwa ba, jikinta kuma yana jure zafi har digiri 46. Ta jure hamada, amma ba ta jure mota da bindiga mai sarrafa kanta ba. A shekarun 1970 dubbai ne a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na tsakiyar Chadi, wanda aka kafa a 1969, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 78,000. Yaƙe-yaƙe da fari suka zo, makamai suka bazu, kafin ƙarshen shekarun 1980 ba a ƙara ganinta ba. A 2000 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana cewa ta ƙare a daji. Abin da ya cece ta shi ne 'yan gomman da aka kama a Chadi a shekarun 1960 aka kai gidajen namun daji na waje. A Maris 2016 jirgi ya sauke 25 daga Abu Dabi, aka sake su da damina, kuma a shekarar aka haifi ɗan farko a daji. Yanzu sun haura 500, kuma a Disamba 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji.

11. Teksas ta fi Sahara mariri
Lokacin da babu mariri ko ɗaya da ke yawo sake a dajin Sahel, dubbai suna kiwo a gonakin masu kuɗi na jihar Teksas, inda ake biyan dubban daloli a harbi ɗaya. Mai gona yana ƙidaya garkensa, yana sanin nawa zai bari a harba ba tare da iri ya ƙare ba.

12. Uku kacal
A 2016 masu bincike suka zagaya yankin Termit da Tin Tumma na gabashin Nijar ta sama da ta ƙasa suna neman adaks, farar dabbar rairayi mai murɗaɗɗen ƙaho. Uku suka gani. Hayaniyar aikin man fetur da harbin ɓarayin daji sun tarwatsa sauran. A farkon 2020 aka saki 15 a gandun Wadi Rime. Ita ma mena, doguwar barewar da ƙungiyar ƙwallon Nijar ke ɗauke da sunanta, waɗanda suka rage a daji ba su kai 300 ba.

13. Zakuma ta farfaɗo
Gandun Zakuma na kudu maso gabashin Chadi an kafa shi a 1963. Giwayensa sun haura 4,000 a 2002, amma mahaya dawakai masu neman haure suka mai da su kusan 450 kafin 2010. A shekarar gwamnati ta damƙa kula da shi ga ƙungiyar African Parks, kisan ya kusa tsayawa cak, giwaye suka koma haihuwa. Ɓauna, da suka ragu zuwa kusan 220 a 1986, sun wuce 10,000.

14. Harsashin da ke kisa sau biyu, da wanda ke biyan haraji
Harsashin dalma yana farfashewa cikin nama. Ungulu ta ci kayan cikin da aka zubar ta sha guba, yaro ya ci naman ƙwaƙwalwarsa ta cutu. Saboda haka Kalifoniya ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga Yuli 2019, maharba suka koma harsashin jan ƙarfe. A Amurka kuma tun 1937 ake cire haraji daga kuɗin bindiga da harsashi, kashi 10 zuwa 11 cikin 100 a yau, ana zuba shi a kula da daji. Barewarsu mai farar wutsiya, da ta ragu zuwa kusan 500,000 a farkon ƙarni na 20, yanzu ta kai wajen miliyan 30.

Farauta sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa, tana da sarakunanta da ladubbanta. Abin da ya share mariri ba kwari da baka ba ne, harbi ne marar lissafi. Chadi tana da doka mai lamba 14 ta 2008 kan dazuzzuka da namun daji, wadda ta tanadi lasisi da dabbobin da ba a taɓawa. Ya kai maharbi, ka nemi izini, ka ƙyale mai ciki da mai shayarwa, kada ka harbi abin da ba za ka ci ba. Kai kuma mai saye a Njamena ko Kano ko Maraɗi, ka tambayi naman me ake miƙo maka kafin ka biya, domin kuɗinka ne ke sayen harsashi na gaba.