Ciwon Cikin Da Ba Gyambo Ba Ne

A ƙasarmu ta Kazaure, da Roni, da Gwiwa, har zuwa Babura, duk ciwon da ya tsaya a ƙahon zuci sunansa ɗaya ne, watau olsa ko gyambon ciki. Sai a jiƙa kanwa, a sayo madara, a aika yaro kemis. Sau da yawa kuwa gyambon ne. Amma akwai wani ciwo mai kama da shi wanda yakan shekara goma yana cin mutum ana yi masa maganin da ba nasa ba.

A bayan tumbi akwai wata tsoka doguwa, tsawonta kamar santimita 15, likitoci suna kiranta fankiriyas. Ba saifa ba ce, ba kuma matsarmama ba. Aikinta biyu ne. Tana tsiyayo ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo, tana kuma yin sinadarin insulin mai daidaita sukari a jini. Idan kumburi ya daɗe a cikinta sai naman ya taurare, hanyar ruwan ta tsuke, har duwatsu su fito. To, kin ga rariyar da ta toshe, ruwa na ta tahowa ba wurin fita. Wannan shi ne mafarin zogin, sa'an nan jijiyoyin wurin su ma su harzuƙa.

A Turai giya da taba ne kan gaba wajen kawo shi. Amma kada ki zargi mijinki ko ɗanki don likita ya ambaci wannan ciwo. Akwai irin da akan gada, akwai kuma irin na ƙasashe masu zafi wanda yakan fara tun ƙuruciya ga mutanen da ba su taɓa shan kome ba. Wani likita mai suna Zuidema ya bayyana shi a Indonesiya a 1959, Shaper ya gan shi a Uganda a 1960, likitocin Asibitin Koyarwa na Ibadan kuma suka ba da rahotonsa cikin shekarun 1960. An daɗe ana ɗora wa rogo laifi, bincike bai tabbatar da haka ba.

Yaya za ki gane shi? Zogin yakan fara a saman ciki ya ratsa zuwa gadon baya, ya tsananta bayan cin abinci, balle mai maiƙo. Kwanciya rigingine kan ƙara shi, sai ki ga mara lafiya ta zauna ta duƙa ta rungume gwiwa. Daga baya bayan-gida ya yi fari-fari, da maiƙo da wari ƙwarai. Ga rama ko da ana ci. A ƙarshe ƙishirwa da yawan fitsari, watau ciwon sukari ya shigo. Mu malamai mukan ga yarinyar da kullum bayan tara sai ta kifa ciki a kan benci. Kafin a ce lalaci ne, a tambaye ta ina ne ke ciwo.

Wurin farawa shi ne babban asibitin Kazaure ko na Babura. A roƙi gwajin sukari da hoton ciki, domin duwatsun sukan fito a hoto. Idan an ba ku takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kada a ajiye ta ƙarƙashin katifa sai bayan kaka. A can ne ake samun manyan hotuna da likitocin da za su duba ko akwai toshewar da aiki zai buɗe.

Gaskiyar magana, naman da ya riga ya taurare ba ya komawa yadda yake. Abin da ake iyawa shi ne rage zogi da hana rama, kuma rabin aikin nan a madafarki yake. Maimakon a cika ciki sau biyu, a raba abincin kashi biyar ko shida ƙanana. A yi nesa da ƙosai, da fanke, da soyayyar awara, da kitse, da man shanun da mukan malala a kan tuwo. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ba laifi, haka dafaffen kifi, da kaza ba fata, da alala mai ɗan mai kaɗan, da zogale. Ban ce a hana mai ɗungum ba, jiki na bukatarsa, kuma mai wannan ciwo da ma a rame take. Na san raba tukunya wahala ce a gidan yawa. Dabarar ita ce ki ɗebi nata kafin ki zuba mai. In maigida ne mai ciwon kuma yana shan taba, to barinta ya fi kowane jiƙo, don hayaƙin yana gaggauta lalacewar tsokar.

Sai batun ƙwaya, inda nan ne aka fi yin ɓarna. Farasitamol shi ne matakin farko: babba ya sha biyu masu miligiram 500, kada ya wuce takwas a kwana ɗaya. Su ibuprofen da diclofenac da Feldene, in aka lazimce su wata da watanni, sai su jawo gyambon gaske su taɓa ƙoda. Haɗin masu talla a ranar kasuwa kuwa, wanda ake ƙulle ja da fari da rawaya a leda, ba ki san abin da ke ciki ba, shi ma mai sayarwa bai sani ba. Tramadol yana kashe zogi, amma yana kama mutum, kullum sai an ƙara, don haka ba a shansa sai da takardar likita da ƙa'idarsa. Ki tuna a 2018 gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin saboda yadda ya lalata matasa da matan aure a Arewa. Likita yana da waɗansu magunguna masu kwantar da jijiya, irin amitriptyline da pregabalin, in na farko bai isa ba. Tsumma mai ɗumi a ciki ko a baya yana taimakawa. Tsaga da ƙaho kuwa ba za su kai inda ciwon yake ba.

Akwai kuma ƙwayar narkar da abinci, irin Creon, wadda ake haɗiya tare da lomar farko. Tana gyara bayan-gida, ta maido da jiki. Tana da tsada, kuma daga jikin alade ake samo ta. Gara ki ji daga bakina da ki ji a makwabta ki zubar da ita. Ku tambayi likita, ku tambayi malami a kan hukuncin larura.

Ke 'yar makaranta, ga naki aikin. Samu littafi ki riƙa rubuta ranar da ciwon Inna ya tashi, me ta ci, awa nawa ya yi, ƙwaya nawa ta sha. Likita mai layin mutum ɗari zai fi amfana da shafi ɗaya na rubutunki bisa dogon bayani.

In amai ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya shigo, ko ido ya yi rawaya, ko bayan-gida ya yi baƙi, a nemi mota ko da tsakar dare ne. Wadda kuma ciwon ya kai ta ga allurar insulin, ta ga likita tun cikin Sha'aban kafin ta ɗauki azumi, domin irin wannan sukarin yakan faɗi farat ɗaya.