ƘUDAN ZUMA ABOKIN MANOMI NE

Manoma, yawancinmu abu biyu muka sani game da ƙudan zuma: zaƙi da harbi. Amma akwai aiki na uku da yake yi mana a gona, wanda ya fi zuman kanta daraja. Wannan aiki shi ne barbarar furanni. Idan babu shi, wasu amfanin gona za su yi ganye, su yi fure, amma 'ya'ya kaɗan za a tsinta.

YADDA BARBARA TAKE

Ka ɗauki furen kabewa ka duba cikinsa. Za ka ga wani gari rawaya mai laushi yana manne maka a yatsa. Wannan shi ne garin fure, wato irin namiji. Sai garin nan ya kai ga macen fure sannan ɗa ke ƙulluwa.

Kabewa da kankana da agushi da kokwamba furensu iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Macen ita ce mai ɗan ƙullutu a gindinta, namijin kuwa ba shi da shi. Garinsu yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. To, wa zai kai shi? Ƙudan zuma. Yana shiga fure neman ruwan zaƙi, garin ya maƙale a gashin jikinsa, in ya shiga na gaba sai ya bar shi a can.

Macen furen kankana rana ɗaya tak take buɗewa, da safe, kuma sai ƙuda ya ziyarce ta sau da yawa kafin ɗan ya cika. In ziyarar ta yi kaɗan, sai ɗan ya motse ya faɗi, ko ya fito a karkace.

Wata shekara na je duba gonar wani manomin fadama. Ya sa taki, ya ba da ruwa yadda ya kamata, yaɗo ya rufe ƙasa, amma kankana jefi-jefi. Ya ce iri ne ba shi da kyau. Muka tsaya da hantsi muna kallon furanni, ko ƙuda ɗaya ba mu gani ba. Da na bincika, ashe kowane mako yake feshi, kuma da sassafe. Laifin ba na iri ba ne.

WAƊANNE SHUKE-SHUKE NE KE BUKATARSA?

Dawa da gero da masara iska ce ke yi musu barbara. Shinkafa da gyaɗa da wake kuwa galibi furensu na yi wa kansa. Amma kabewa da danginta ba sa yi sai da ƙwari. Riɗi da auduga suna ƙulla 'ya'ya da kansu, sai dai in ƙudan zuma ya shiga, amfanin ya fi yawa, ya fi kyau. Wani bincike da aka yi a Burkina Faso, aka buga a 2017, ya nuna cewa inda aka hana ƙudaje kaiwa ga fure, auduga ta ragu da kashi 37 cikin 100, riɗi kuma da kashi 59. Haka kaɗanya da lemo da gwaiba da kashu duk suna cin moriyarsa. A duniya baki ɗaya, kimanin kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gona da ake ci suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu.

ZAMAN CIKIN AMYA

A kowace amya akwai sarauniya ɗaya, aikinta ƙwai kawai, takan saka fiye da 1,000 a rana lokacin da fure ya wadata. Akwai maza 'yan kaɗan. Sauran dubban duk ma'aikata ne, su ke fita kiwo har nisan kilomita 2 ko 3. Daga ƙwai zuwa cikakkiyar ma'aikaciya kimanin mako uku ne, kuma lokacin aiki ba ta wuce mako shida a duniya. Saboda haka in aka kashe masu fita kiwo, ko aka ƙone saƙar da 'ya'ya ke ciki, amya takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Wani lokaci ma shi ke nan.

ME KE KASHE SU?

A Turai da Amurka babban abokin gabansu wata 'yar kaska ce da ta fito daga Asiya. Namu ƙudan na Afirka ya fi jure mata. A nan, ban da ɓarnar kwarkwasa da dage, yawancin illar daga hannunmu take fitowa.

1. Maganin ƙwari. Magani bai san abokin gaba ba, bai san aboki ba. Wanda ke kashe tsutsar wake da ta auduga yana kashe ƙudan zuma. Wasu sukan mutu a gona, wasu su kai gubar gida. In ka ga tulin matattun ƙudaje a bakin amya, to an yi feshi a kusa. Tun 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magunguna uku a filin gona saboda wannan dalili. Biyu daga cikinsu su ne imidacloprid da thiamethoxam. Ka riƙa duba sunan da ke jikin kwalba.

2. Ɗibar zuma da wuta. Mai shiga da dare da damin ciyawa yana ci, ya sami zuma sau ɗaya, ya kashe gida guda. Zuman ma sai ta yi baƙi, ta yi ƙauri, kuɗinta ya faɗi a kasuwa.

3. Ƙunar daji. Takan cinye furanni da amyoyin da ke rataye, da ƙudajen da ke zaune a kogon itace. Kowa ya ƙone rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

4. Sare itatuwa. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, ƙuda ba shi da abinci sai furen itace. Gawo yana fure bayan ɗaukewar ruwa, ɗorawa da kaɗanya da mangwaro su biyo baya. Duk wanda aka sare don gawayi, an rufe wa ƙudan zuma rumbu ɗaya.

ABIN DA ZA KA YI

1. Kada ka yi feshi sai ka duba gona ka tabbata akwai ɓarna.

2. In dole ne a fesa shuka tana cikin fure, kamar wake, a bari sai yamma liƙis, lokacin da fure ya rufe, ƙudaje sun koma gida. Kada a yi da safe, kada a yi ana iska.

3. Ka bi awon da aka rubuta a jikin kwalba. Ƙara magani ba ya ƙara amfani.

4. Kada ka wanke famfon feshi a tafki ko rafi. Ƙuda na sha a nan, dabbobi da mutane ma haka.

5. Ka gaya wa maƙwabcinka mai amya kwana ɗaya ko biyu kafin ka yi feshi.

6. Wajen ɗibar zuma, a yi amfani da hayaƙi maimakon harshen wuta. Busasshen kashin shanu ko totuwar masara sun isa. A yanki saƙar da ta nuna, wadda aka toshe bakinta da kaki. A bar mai 'ya'ya, a kuma rage musu zuman da za su ci.

7. Mai hali ya gwada amyar katako ƙirar Kenya. Ana jera mata sanduna a sama, kowace faɗinta milimita 32. Ƙuda yakan gina saƙa ɗaya a jikin kowace sanda, sai ka ɗaga ɗaya-ɗaya ka duba ba tare da ka kashe su ba. Kafinta na ƙauye zai iya yin ta.

8. Da bazara a ajiye musu ruwa a kasko kusa da amya, a zuba tsakuwa ko karare a ciki don kada su nutse.

9. Mai noman kankana ko kabewa ya yi ƙoƙarin samun amya ɗaya ko biyu ga kowace eka.

GARGAƊI

Ƙudanmu mafaɗaci ne. A ajiye amya a inuwa, nesa da gida da hanya da makaranta da turken dabbobi. A hana yara jifa. Wanda aka harba ya soma kumburin fuska ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi asibiti nan da nan, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A ƙarshe, ga gwajin da kowa zai iya yi. Gobe da hantsi ka shiga gonarka, ka tsaya kusa da furanni na minti goma, ka ƙirga ƙudajen da suka sauka. In kana jin gunjinsu, ma'aikatanka na bakin aiki. In ka ji shiru, to ka sake duba yadda kake feshi tun kafin kaka ta ba ka amsa.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona na yankinku.