Araha ba ta ado: mu yi lissafi kafin mu sayi tufafi

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, iskan ɗari ya fara busowa daga arewa. A wannan lokaci ne magidanta daga Barmu, Afala, Kalfu da Takanamat suke cika kasuwar Tawa ranar Lahadi, kowa da tiyoyin hatsi ko wake, ko ɗan akuyan da zai sayar domin ya tufatar da iyalinsa. A rumfar ɗan yadi mukan tarar da atamfa biyu masu launi ɗaya da kwalliya iri ɗaya, amma kuɗin wannan ya ninka na waccan sau uku ko huɗu. Wace za mu ɗauka? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin kowace jika da muka miƙa a rumfar nan daga rumbu ta fito, kuma rumbun nan shi ne zai kai mu damina mai zuwa.

Daga ina tufafinmu suke zuwa?

Kakanninmu sun noma auduga, wadda muke kira kaɗa, a fadamun Adar da Majiya. Mata su kaɗa zare, masaƙa su saƙa gwado da saƙi, marina su rina. Gwado ɗaya yakan yi shekaru a ɗaki. Daga baya yadin masana'anta ya shigo: atamfar Sonitextil ta Yamai, atamfar Kaduna da ke biyowa ta Ƙonni, da ta kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa tun 1846. Ƴan bida kuma suna dawowa daga Abijan da tsarabar turame.

Ranar 12 ga Janairu 1994 darajar kuɗin sefa ta faɗi da rabi. Faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100, kayan waje suka yi tsada, mutane da yawa suka koma ga gwanjo. Tsakanin 2002 da 2007 manyan masaƙun Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, atamfa da shaddar ƙasar Sin suka cika kasuwanni. A cikinsu akwai masu kyau, akwai kuma waɗanda aka kwaikwayi suna da tambarin wani kamfani aka buga musu. Saboda haka suna da tambari ba su isa shaida ba. Sai mai saye ya yi aiki da idonsa da hannunsa da lissafinsa.

Kuɗin tufa na gaskiya

Kuɗin tufa ba shi ne abin da muka biya ranar kasuwa ba. Kuɗinta na gaskiya shi ne abin da muka biya, a raba shi da yawan watannin da ta yi mana aiki. Ga misali domin mu gwada lissafin.

Mu ƙaddara magidanci ya sayi yadi mai araha na jika 3, ya ba tela jika 2. Jimilla jika 5. Bayan wata 5 rigar ta koɗe, ta yage a kafaɗa. Ke nan kowane wata ta ci masa jika 1. Maƙwabcinsa ya sayi yadi mai ƙwari na jika 8, shi ma ya ba tela jika 2. Jimilla jika 10. Rigarsa ta yi wata 20. Kowane wata ta ci masa dala 100, wato rabin jika. A cikin wata 20 ɗin nan, na farko ya koma kasuwa sau 4, ya kashe jika 20. Na biyu jika 10 kawai ya kashe. Mu lura da abu ɗaya: tela ba ya rage kuɗin ɗinki don yadi ba shi da kyau. Mai sayen yadin banza sau huɗu yake biyan tela.

To, amma lissafin nan yana juyawa idan tufar ba ta kullum ba ce. Mu ƙaddara an ɗinka wa yaro ɗan shekara 5 kayan salla na jika 12. Ya sa su ranar ƙaramar salla da kashegari, ya sa ranar layya, ya sa wurin wani suna. Kafin shekara ta kewayo sun yi masa kaɗan. Sawa 4 ke nan, kowace sawa jika 3. Haka ankon biki yake: a sa shi yini ɗaya ko biyu, a ninke a jefa akwati. A nan tsadar yadi ba ta mayar da kuɗinta.

Abin da lissafin yake koya mana shi ne: mu sa kuɗi a kan tufar da jiki yake sha kullum, mu rage a kan wadda ido kawai yake sha. Mu kuwa sau da yawa akasin haka muke yi. Mukan ci bashi don shaddar salla, sannan mu tafi gona da tsumma.

Tufa da lafiyar jiki

Yadi iri biyu ne a kasuwa: na auduga da na roba, wanda ake yin zarensa daga man fetur. Akwai kuma wanda aka gauraya su. Yadin roba ba rago ba ne, yana jure wanki, yana saurin bushewa. Illarsa a wani wuri take.

Na farko, zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40. Auduga tana shan zufa, tana barin iska ya ratsa. Roba tana riƙe zufa a kan fata, daga nan sai ƙurajen zafi da ƙaiƙayi a hammata da matsematsi. Jarirai da masu aikin rana su suka fi wahala. Duk tufar da ke taɓa fata kai tsaye, da zanen goyo, da kayan jariri, ya kamata su zama na auduga.

Na biyu, wuta. Auduga ma tana kamawa, amma roba narkewa take yi ta manne a fata, ƙunarta kuma tana shiga ciki. Uwargida da ke tsugunne gaban murhu da mayafin roba mai jan ƙasa, da yaran da ke kewaye wuta da asubahin ɗari, suna cikin haɗari. Idan tufa ta kama, kada mutum ya ruga da gudu. Ya kwanta ya yi birgima, ko a lulluɓe shi da bargo mai kauri. A zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a kan ƙunar kamar minti 20. Kada a fizge yadin da ya manne, kada a shafa mai ko toka. A kai shi gidan likita nan da nan.

Na uku, ɗari. A watannin Disamba da Janairu sanyin dare yana sauka ƙwarai, musamman wajen Tabalak da Abalak, ga ƙura da hazo. A lokacin ne tari da mura da ciwon haƙarƙari suke yawaita ga yara da tsofaffi. Rigar sanyi mai kauri, da hula, da bargo ba kayan ado ba ne. Idan kuɗi ba su isa duka ba, su ne farkon abin saye.

Kayan gona da garka

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da ƙaya. Wandon da zai yi noma da gyaran gandari da ɗaukar duwatsu yana bukatar yadi mai kauri da ɗinki ninki biyu. Takalmi ma haka. Silifa mai araha takan tsinke tun ba a gama noman fari ba, ta bar ƙafa ga ƙaya da kunama. Takalmin taya ko na fata da dukawanmu suke yi ya fi ƙarko, kuma idan ya tsinke ana gyara shi.

Masu noman albasa da tumatir a Tamaske, Keita da bakin tabkin Tabalak, su tuna cewa maganin feshi yana shiga jiki ta fata. Mai feshi yana bukatar riga mai dogon hannu, dogon wando, takalmin roba mai rufe ƙafa, safar hannu ta roba da abin rufe hanci da baki. A ware kayan nan don feshi kaɗai. A wanke su da sabulu bayan kowane aiki, su kaɗai, nesa da rijiya da tabki. Kada a haɗa su da kayan yara, kada kuma a ba yaro ko mace mai ciki wankinsu. Riga mai huji ba ta kare kowa.

Yadda ake gane yadi mai kyau

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga gwaji shida da kowa zai iya yi:

1. Mu ɗaga yadin mu duba shi ta hasken rana. Idan haske yana ratsawa kamar rariya, zarensa bai cika ba.

2. Mu murza gefensa tsakanin yatsu. Idan ya saki ya yi laushi, ko wani farin gari ya zubo, sitaci ne ya ba shi ƙarfi. Wankin farko zai tafi da shi.

3. Mu jiƙa farin ƙyalle mu goga a kansa. Idan launi ya fito da yawa, zai yi zuba ya ɓata sauran kaya.

4. Mu juya bayan atamfa. Wadda rini ya ratsa, gabanta da bayanta kusan ɗaya suke. Wadda aka buga wa launi a sama kawai, bayanta fari-fari ne.

5. Mu roƙi mai rumfa zare biyu ko uku daga bakin yadin, mu koma gefe mu sa musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana tattarewa, ta narke, ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri.

6. Mu sa a auna a gabanmu. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato zane uku.

Idan ɗinkakkiyar riga ce, mu juya cikinta, mu ja ɗinkin hammata da na gindin wando. Idan zare ya buɗe, mu ajiye ta. Yadin auduga kuma yakan tsuke a wankin farko, don haka a wanke shi kafin a kai wa tela.

Ga wanda kuɗinsa ba su kai ba

Wani zai ce: lissafin nan gaskiya ne, amma jika 5 gare ni, ina zan samu 10? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce take sa talaka ya riƙa biyan tsada a hankali. Akwai hanyoyin rage ta.

Gwanjo mai kyau ya fi sabon yadi marar kyau. A cikin dila akan samu wando mai kauri da rigar sanyi da kuɗi kaɗan, musamman ga wanda ya zo da wuri ranar da aka kwance ta. A duba wuya, hammata, gwiwa da zip. Kafin kowa ya sa, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge har cikin ɗinki. Haka ake kashe ƙwarƙwata da ƙwayoyinta da ƙwaron ƙazwa. Abin da ba ya wankuwa da ruwan zafi, a ɗaure shi cikin leda mako biyu. Kamfai da sauran kayan ciki kuwa, gara sabo ko mai araha ne.

Kada mu jira jajibirin salla. A lokacin yadi yana tashi, tela yana gaggawa, ɗinki yana lalacewa. Wanda ya saya da sauran wata biyu ko uku ya fi samun rangwame da aiki mai kyau.

Mu haɗa kai. Mata biyar ko goma na ƙungiya ɗaya suna iya yin adashe, ko su haɗa kuɗi su sayi bandir guda a farashin sari su raba. Dangin amarya kuma suna iya zaɓen ankon da kowa zai iya saye, wanda za a ci gaba da ɗaurawa bayan biki.

Mu saya ɗaya bayan ɗaya. Bana wandon aiki mai ƙwari, baɗi riga. Ga yara, mu ce wa tela ya bar ninki a ƙafa da hannu domin a saki idan sun girma, sannan ƙane ya gaji wa.

Abin da za mu guje wa shi ne karɓar yadi bashi a biya da hatsi, ko sayar da hatsin ci domin ado. Da kaka hatsi yake araha. Tiyar da muka sayar a watan Nuwamba, ita za mu koma nema da tsada a watan Yuli, lokacin da ake noma kuma rumbu ya yi ƙasa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 da ta 2010 a jahar Tawa sun san inda wannan hanya take kaiwa.

Riƙo shi ne rabin ƙarko

Yadi mai kyau ma yana mutuwa a hannun da bai iya riƙonsa ba. Zafin ranarmu yana cin launi, saboda haka a juya bayan tufa a shanya ta a inuwa, ban da gwanjon da aka sayo yanzu da kayan mai ciwon fata. Kada a bar atamfa ta kwana cikin omo. Kada a shanya a kan ƙaya ko darni mai tsini. A ɗinke ɗan huji tun yana ɗan huji: allura da zare ba su kai kuɗin sabuwar riga ba. Kayan ajiya kuma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara da ɓera, a riƙa fitar da su suna shan iska.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kafin Lahadi mai zuwa maigida da uwargida su zauna tare. A fara ware hatsin da zai kai gida sabon amfani, da iri, da ɗan abin zuwa likita. Abin da ya rage shi ne kuɗin tufafi. A rubuta bukatu bi da bi: kayan sanyin yara da tsofaffi, kayan aiki da takalmi, zanen kullum na auduga, sannan kayan salla da biki. A tafi kasuwa da takardar a aljihu, da farin ƙyalle, da kwalin ashana. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin abin da muka noma.